Murya a Matsayin Ganga: Tarken Salon Faifan Slaughter of the Soul na Ƙungiyar At the Gates

1.0 Gabatarwa

A nazarin waƙar baka an saba ɗauka cewa rauji, wato hawa da saukar murya cikin rerawa, aikin mawaƙi ne, su kuwa kayan kiɗa rakiya suke yi masa. Faifan da wannan maƙala za ta yi wa tarke ya juya wannan tsari. Sunansa Slaughter of the Soul, na ƙungiyar At the Gates ta birnin Gotenbag a ƙasar Suwidin, kuma kamfanin Earache na Ingila ne ya fitar da shi a 1995. Manufar maƙalar ita ce ta nuna yadda makaɗan suka ɗauke rauji daga bakin mawaƙi suka miƙa wa jita, da ribar da wannan ya jawo musu, da kuma abin da harshe ya yi asara a cikin cinikin.

2.0 Asalin Salon

Kiɗan metal kiɗa ne na jitar lantarki da ganguna masu tsananin amo. Reshensa da ake kira des-metal ya bunƙasa a ƙarshen shekarun 1980, kuma an san shi da gudu da kaushin sauti, da mawaƙin da ke gurnani maimakon rerawa. A Suwidin reshen ya fara kafuwa ne a babban birnin ƙasar, inda faifan Left Hand Path na ƙungiyar Entombed (1990) ya zama abin koyi. Matasan Gotenbag kuwa sai suka cusa masa rauji irin na tsofaffin ƙungiyoyin Ingila kamar Iron Maiden, aka sami abin da ake kira des-metal mai rauji.

An kafa At the Gates a 1990. Faifansu na farko, The Red in the Sky Is Ours (1992), yana da sarƙaƙƙen zubi, waƙa kan sauya kari sau da yawa kafin ta ƙare, har da gogen Turawa a ciki. Bayan da Alf Svensson, wanda ke da hannu sosai a wannan sarƙaƙiya, ya bar ƙungiyar a 1993, sai tagwayen nan Anders da Jonas Björler suka karɓi ragamar tsara kiɗa. Slaughter of the Soul shi ne faifansu na huɗu, an ɗauke shi a ɗakin Fredman ƙarƙashin Fredrik Nordström.

3.0 Zubi da Tsari

Abin da mai sauraro zai fara lura da shi shi ne tsimi. Faifan na ɗauke da waƙoƙi 11 a cikin kimanin minti 34, babu wadda ta wuce minti huɗu. Zubinsu kuma sananne ne: ɗango, amshi, ɗango, amshi, sai ɗan fili da jita za ta yi wasa ita kaɗai. Biyu daga ciki, "Into the Dead Sky" da "The Flames of the End", kiɗa ne zalla ba murya. An sa ta farkon a tsakiyar faifan domin kunne ya huta.

Ginshiƙin salon yana hannun majitan biyu, Anders Björler da Martin Larsson. Sun sassauta tsirkiyoyinsu ƙasa da yadda aka saba, domin amon ya yi kauri. Dabarar da suka fi amfani da ita ita ce su riƙe amo ɗaya na ƙasa suna maimaita shi da sauri, suna kuma tsarma wasu amo na sama a tsakani. Kunnen mai sauraro shi ke tattara waɗannan na saman ya mayar da su rerawa, na ƙasan kuma su zame masa bugu. Ta haka jita ɗaya take yin aikin mawaƙi da na makaɗi a lokaci guda. Idan aka zo amshi sai jita ta biyu ta bi ta farko a wani mataki na sama, su tafi tare kamar jagora da ɗan amshi. Wanda ya saurari "Blinded by Fear" ko "Under a Serpent Sun" ya tashi, abin da zai riƙa maimaitawa a ransa jitar ce, da wuya ya tuna kalma.

3.1 Matsayin Murya

Nan ne faifan ya fi cancantar kulawar masana harshe. Tomas Lindberg ba ya gurnanin nan mai zurfi na takwarorinsa. Kururuwa yake yi daga maƙogwaro, mai kaifi, kamar ta wanda aka shaƙe. Irin wannan murya ba ta da wani tsayayyen amo da za a ce ya hau ko ya sauka. Abin da ya rage mata uku ne: ƙarfin furuci, da tsawon gaɓa, da wurin da gaɓar za ta faɗi a kan kari. Waɗannan kuwa kayan aikin ganga ne. Ana ganin haka ƙarara a waƙar da faifan ya ci sunanta, inda kiɗa ke tsayawa cak, mawaƙin ya yi tsawa ta gaɓa ɗaya tak, sannan komai ya ɓarke. A wannan wuri ma'anar kalmar ba ta da wani nauyi, saukarta a daidai lokaci shi ne aikinta.

Ya kamata a lura cewa da Ingilishi Lindberg ya yi waƙoƙin, alhali harshensa Suwidanci ne. Babu shakka kasuwa da al'adar kiɗan suna daga cikin dalilai. To amma Ingilishi ya dace da salon ta fuskar tsarin sauti, domin harshe ne da ya dogara ga ƙarfafa gaɓa, kuma yana da tarin kalmomi masu gaɓa ɗaya da ke rufewa da baƙi. Suwidanci kuwa yana da ɗan rabonsa na karin sauti: kalmar anden tana iya nufin agwagwa ko ruhi, gwargwadon karin da aka ɗora mata. A harshe irin Hausa, inda karin sauti kaɗai ke raba wuya ta jiki da wuya ta wahala, matsalar za ta fi haka girma, don muryar da ta zubar da hawa da sauka ta zubar da wani ɓangare na kalmar kanta. Abin sha'awa shi ne kalangu ya bi hanyar ne ta baya: ganga ce da ta ari karin murya, shi kuwa Lindberg murya ce da ta ari bugun ganga.

Jigogin faifan sun haɗa da tsoro, da yanke ƙauna, da kisan kai, da ƙaryar zaman duniya. Idan aka kwatanta da baitocin faifan farko masu duhun ma'ana, na nan gajeru ne kuma kai tsaye. Wasu kan yaba da hakan a matsayin balaga. Gaskiyar magana, tilas ce ta salo: muryar da ta zama ganga ba ta iya ɗaukar doguwar jimla. Sakamakon shi ne jigogin sun yi ƙarfi amma ba su yi faɗi ba, baƙin ciki iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ba izgili ba tausasawa. Hatta ƙarar ɗana bindiga da ke buɗe "Suicide Nation" tana faɗin jigon tun kafin mawaƙi ya buɗe baki, har kalmomin suka zama kamar ƙari.

3.2 Rauni da Tasiri

Rauni na biyu maimaici ne. Daga "Unto Others" zuwa "Need" dabarar ta riga ta bayyana, kuma gangunan Adrian Erlandsson, duk da tsabtar bugunsu, ba su cika barin gudu ɗaya ba. Gajartar faifan ce ta rufa masa asiri. Wurin da ya fi numfashi shi ne "Cold", inda baƙon majiti Andy LaRocque ya shigo da wani hannu dabam.

Ƙungiyar ta watse a 1996, shekara guda bayan fitar faifan, kuma ba ta sake fitar da sabo ba sai At War with Reality a 2014. A tsakanin nan ne ƙungiyoyin Amurka irin su Darkest Hour da The Black Dahlia Murder suka ɗauki dabarar jitar suka yi ta juya ta a farkon shekarun 2000. Dabarar tana da sauƙin koyo, shi ya sa ta yaɗu. Abin da bai koyu ba shi ne yadda Lindberg, wanda ya rasu a 2025, yake ajiye kowace gaɓa a gurbinta. Wasu ƙungiyoyin da suka biyo baya ma sai suka mayar da rerawa cikin amshi da tattausar murya, wato suka maido wa mawaƙi raujin da wannan faifai ya karɓe daga hannunsa.