Suna na Kamfani, Gini na Wani

Wanda ya biya kuɗin kwana a Ritz-Carlton ko Four Seasons yakan ɗauka cewa kamfanin da sunansa ke bakin ƙofa shi ne mai ginin. Galibi ba haka ba ne. A 1993 Marriott ya rabu gida biyu, ɓangare ɗaya ya riƙe gine-gine, ɗayan ya riƙe suna da gudanarwa, kuma wannan hanya ce manyan kamfanonin otal suke bi yanzu. A 2014 Hilton ya amince ya sayar da Waldorf Astoria na New York ga kamfanin Anbang na China a kan dala biliyan 1.95, amma ya riƙe yarjejeniyar gudanar da shi ta shekara 100. Ko a Abuja, Transcorp Hilton mallakar Transcorp Hotels ne, Hilton suna da tsarin aiki ya kawo. Ke nan hajar waɗannan kamfanoni alkawari ce: baƙon da ya sauka tsakar dare a garin da bai san kowa ba zai tarar da irin tarbar da ya saba.

Wannan alkawari a hannun ma'aikaci yake. Duk mai kuɗi zai iya shimfiɗa dutsen marmara ya rataya fitilu na alfarma, amma ba a sayen ma'aikaciyar da za ta lura cewa baƙo ya iso a gajiye ta rage masa tambayoyi. Shi ya sa Ritz-Carlton ya ba ma'aikacinsa izinin kashe har dala 2,000 don warware matsalar baƙo ba tare da jiran manaja ba. Hikimar tsarin ita ce, kuskure a otal ba ya jira. Idan aka ɓata rigar da mutum zai sa zuwa taro da safe, haƙurin da aka ba shi da la'asar bai amfane shi da komai ba. Fatake sun san wannan tun da can, domin jarin fatoma shi ne sunan da baƙinsa suke kai masa garuruwa.

Akwai masu cewa wannan tsari yana shafe kamannin wuri, har mutum ya farka bai san ko a Dubai yake ko a Landan ba. Ƙorafin yana da ƙanshin gaskiya, musamman a otal-otal na 'yan kasuwa. Sai dai alhazan da suka taɓa sauka a Fairmont ko Raffles da ke dab da Harami a Makka sun ga wani abu dabam. Babu giya a wurin, darajar ɗaki tana bin yadda yake kallon Ka'aba, kuma lokutan salla ne ke juya hidimar gidan. Sunan bai canza ba, ko da yake kusan duk abin da ake dangantawa da shi a Turai an ajiye shi. Abin da ya rage shi ne tsabta, kiyaye lokaci, da ganin girman baƙo, kuma a ganina waɗannan ne ainihin abin da ake biya tun farko.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi yana wajen yawa. Da Marriott ya haɗiye kamfanin otal na Starwood a 2016, sunaye 30 suka koma ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma kuɗin shigar irin wannan kamfani yana ƙaruwa ne da kowane sabon gini da aka liƙa wa suna. Mai gini kuwa shi ke biyan kuɗin gyara da albashi, don haka yana da dalilin rage ma'aikata da jinkirta sauya katifu. Kamfanin yana aika masu duba aiki, yana kuma iya janye sunansa, amma janyewar asara ce gare shi, shi ya sa ba a gaggawar yin ta. Baƙo ne ke ɗaukar wannan giɓi, domin ya biya farashin suna ya kwana a kan lissafin mai gini. Makin da ake tara wa masu yawan sauka yana iya riƙe shi na ɗan lokaci, amma wanda maki ya riƙe zai tafi ranar da wani ya ba shi fiye da haka.