Rai a Jikin Katako: Tarken Fim ɗin Santa's Workshop na 1932

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tarken wani gajeren fim na zane mai motsi, mai suna Santa's Workshop, wato Masana'antar Santa, wanda kamfanin Walt Disney ya fitar a Amurka a watan Disamba na 1932. Wilfred Jackson ne ya ba da umarni, Frank Churchill kuma ya tsara kiɗa. Fim ɗin ɗaya ne daga cikin jerin Silly Symphonies, tsawonsa kuwa kimanin minti bakwai ne. Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa manazarcin harshe da fim ɗin yara na Kirsimeti. Amsa ita ce, maganar da ke cikinsa kaɗan ce ƙwarai, don haka kowace kalma da aka furta tana ɗauke da kaya, kuma ɗaya daga cikin kalmomin nan ta shafi yadda aka siffanta baƙar fata.

2.0 Zubi da Jigo

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. A jajibirin Kirsimeti, Santa yana karanta wasiƙun yara, magatakardarsa, wani tsohon wada mai ɗaure fuska, yana duba littafin halayensu. Wani yaro ya roƙi dabbobin wasa, sai magatakarda ya ce ai shekara bakwai ke nan bai wanke bayan kunnensa ba. Santa ya yi dariya, ya ce a haɗa masa da sabulu. Daga nan aka shiga masana'anta, aka ƙera kaya, kayan suka yi fareti zuwa cikin buhu, Santa ya kama hanya.

Wajen zane, fim ɗin ya cancanci yabo. Watanni kaɗan kafin fitowarsa, a Yulin 1932, kamfanin ya fitar da Flowers and Trees, fim ɗinsa na farko da launin Technicolor mai kala uku, kuma ana ganin ɗokin sabon launin a kowane lungu na masana'antar. Akwai hikima a raha irin ta gwangwanin fenti da ake shafawa sau ɗaya sai gidajen dara, baƙi da fari, su fito a kan allo, da kuma yadda ake nannaɗe gashin 'yan tsana ta hanyar tsorata su da gizo-gizo.

Amma a ganina jigon fim ɗin yana cikin tsarin aikin ne. Dokin katako yana tafiya a kan layi, wannan wada ya huda, wancan ya liƙa wutsiya, na gaba ya shafa fenti, kowa da motsi ɗaya tak da yake maimaitawa bisa kiɗa. Wannan shi ne tsarin da Henry Ford ya kafa a masana'antar motocinsa a 1913. An kuwa nuna shi ne shekara uku bayan faɗuwar kasuwar hannun jari ta 1929, a lokacin da masana'antu suke rufewa, har ta kai a 1933 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba su da aikin yi. Uban da ya kai ɗansa kallo ya ga wurin da kowa yake da aiki, kowa yana waƙa, babu albashi balle sallama. Shekara huɗu bayan haka Charlie Chaplin ya ɗauki layin nan a fim ɗinsa Modern Times ya mai da shi abin da yake haukata ma'aikaci. Abin mamaki, a faretin Disney akwai ɗan tsana mai siffar Chaplin ɗin, ɗan sanda na biye da shi.

Rayuwar da kayan wasan suka samu ita ma tana da iyaka. Wani jirgin sama na wasa ne ya kuɓuce ya zubo su daga kanta, suka miƙe, suka bi kiɗan soja na mawaƙin Ostiriya Franz Schubert. Ba su yi gardama ba, ba su nemi gudu ba. An ba su rai daidai gwargwadon abin da zai kai su bakin buhu da ƙafafunsu.

3.0 Kalma Ɗaya

Santa ne mai duba ingancin kaya. Wata farar 'yar tsana ta sauko, ya koya mata ta ce "Mama", da ta iya sai ya buga mata hatimi. Sai ga baƙar 'yar tsana ta faɗo, ta buɗe murya mai kauri ta ce "Mammy", ta buga wa kanta hatimin, Santa yana ƙyalƙyala dariya.

Ga kunnen da bai san Amurka ba, kalmomin biyu kusan ɗaya ne, uwa ake kira. Ga ɗan Amurka na 1932 kuwa, ta biyun sunan baiwa ce ko 'yar aiki baƙa mai renon 'ya'yan farare a jihohin kudu, kuma tana tuna masa da Al Jolson, Baturen da ya shafa baƙi a fuska ya yi waƙa a fim ɗin The Jazz Singer na 1927. Ke nan farar tana koyon magana irin ta jariri, baƙar kuwa an sa mata maganar Bature mai kwaikwayon baƙi. Duk mai fassara da ya mai da kalmomin biyu "Inna" ya share zagin, bai kuwa sanar da mai kallo an yi shi ba. Na gwada wannan da ɗalibaina a ajin fassara, a nan inda nake koyarwa nesa da gida, kusan dukkansu "Inna" suka rubuta.

Ƙasar Suwidin, inda fim ɗin yake cikin shirin Disney na talabijin na ranar 24 ga Disamba, ta ga wata hanyar a 2012, lokacin da kamfanin ya yanke baƙar 'yar tsanar tare da wani ɗan tsana mai siffar izgili ga Yahudawa, aka yi ta muhawara a jaridu. Ga yara ƙanana, yankewar ta yi daidai. Ga manazarci kuwa, kwafin da aka yanke ba shi ne fim ɗin 1932 ba, kuma duk tarken da aka gina a kansa ya kamata ya bayyana haka tun a shafin farko.