Ba Kowane Abinci Ake "Dafawa" Ba



Makon jiya na ba ɗalibaina a nan Bena aikin insha'i a kan abincin gidansu. Da yawansu sun rubuta "Inna ta dafa ƙosai" ko "an dafa mana tsire". Ban ga laifinsu sosai ba, domin abin da suke karantawa ke nan a shafukan koyar da girki na Facebook.

Gaskiya ne, in ana maganar girki a dunƙule, "dafa abinci" daidai ne. Amma ka lura, mai karatu, Hausa ta ba kowane aikin madafa sunansa:

Tuwo, tuƙa shi ake yi bayan talge.
Kunu, a dama.
Ƙosai, a soya.
Waina, a toya a tanda.
Tsire, a gasa.
Dambu, a turara.
Fura, a kirɓa a turmi.

Kada ka ɗauka iyayi ne. A koyar da girki, fi'ilin shi ne umarnin. Ka rubuta wa amarya "ki dafa dambu", ta juye tsaki cikin tafasasshen ruwa, me za ta kwashe? Fate! Ga asarar tsaki, ga kunya a gaban dangin miji.

Wasu ma sun koma "ki yi blending", alhali "markaɗe" na nan da ranta.

Masu koyar da girki, don Allah a gyara. Kai kuma, wace kalmar madafa ce ta garinku ban ambata ba?