Jinjina ga Masu Kyautata Irin Gero

Daga Imuraren zuwa Arlit ba a noman gero. Ƙasar ta yuraniyom ce da duwatsu. Furar da ma'aikacin ma'adinai ke sha, hatsinta daga kudu manyan motoci suke hauro da shi, ta hanyar Tawa da Agadas. Shi ya sa nake ganin mutanen arewa ma suna da bashin godiya ga masu binciken iri na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa wadda aka kafa a 1975, musamman na tashar Tarna a Maraɗi, da takwarorinsu na cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, a Sadore.

Aikin nasu na masu haƙuri ne. Tun kafin zangarniya ta yi bununi za su rufe ta da jakar takarda, don kada iska ta kawo mata na wata gona. Sannan su kaɗe bununin wadda suka zaɓa a kanta, su ɗaure, su rubuta lamba, su jira. Damina bayan damina, akasarin abin da ya fito zubarwa ake yi. Ta haka aka samu irin geron HKP mai nuna da wuri, wanda manoma suka rungume saboda ruwa kan ɗauke ba sallama. A 2018 kuma aka saki wani irin mai suna Chakti, mai yawan sinadarin ƙarfe, domin mata da yara masu fama da ƙarancin jini.