Bokitin Ƙanƙara da Kuɗin Binciken Magani

A tsakiyar shekarar 2014 wani yayi ya mamaye Facebook. Mutum zai tsaya gaban kyamara ya sheƙa wa kansa bokitin ruwan ƙanƙara, sannan ya ambaci sunayen wasu, ya ba su kwana guda su yi haka ko su ba da gudummawa. Ice Bucket Challenge ake ce masa. An ɗora bidiyo sama da miliyan 17, har da na Bill Gates da Mark Zuckerberg, kuma cikin 'yan makonni ƙungiyar ALS Association ta Amurka ta tara dala miliyan 115. ALS cuta ce mai lalata jijiyoyin da ke motsa tsoka, har mutum ya kasa tafiya, ya kasa haɗiya, daga bisani numfashi ya gagare shi. Ita ce ta zaunar da Stephen Hawking a keken guragu.

Ba ƙungiyar ce ta ƙirƙiro wannan dabara ba. Majinyata irin su Pete Frates da Pat Quinn ne suka yayata ta, su da danginsu da abokansu. Haka aka yi a Birtaniya a watan Maris na shekarar, da mata suka riƙa ɗora hotunansu babu kwalliya: Cancer Research UK ta samu fam miliyan 8 cikin kwana shida, alhali ba ita ta fara ba. To mene ne nata a ciki? Suna ne da jama'a suka daɗe da amincewa da shi, da hanyar biya mai sauƙi ta saƙon waya. Ko wannan sauƙin sai da ya yi tuntuɓe, domin wasu sun rubuta kalmar da ba ita ba, kuɗinsu ya faɗa asusun UNICEF. A ganina amfanin tambari da sunan ƙungiya ke nan: idan ruwa ya sauko ba zato, ya tarar da randa a tsakar gida. Da ALS Association ta nemi yi wa sunan yayin rajista a matsayin mallakinta, jama'a suka yi mata ca, ta janye. Daidai suka yi.

Inda abin ke damuna shi ne bambancin sauri. Yayi makonni yake yi, bincike kuwa shekaru. Sai a 2016 masana da suka amfana da kuɗin suka sanar da alaƙar ƙwayar gado ta NEK1 da cutar. Maganin Relyvrio, wanda ƙungiyar ta tallafa wa bincikensa, ya samu izini a Amurka a 2022, aka janye shi a 2024 bayan babban gwaji ya nuna bai yi tasiri ba. Frates ya rasu a 2019, Quinn a 2020. An sake gwada bokitin a 2015, abin da aka tara bai ko kusanci na farko ba.

Sannan kuɗin intanet inda ido ya karkata yake bi, ba ya auna yawan masu ciwo. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar yara masu sikila, amma cutar ba ta taɓa samun irin wannan gangami ba. Mai niyyar taimako ya tambayi ƙungiya nawa take kashewa kan bincike, in ya gamsu ya ware ɗan abin da zai iya bayarwa duk wata.