Gasar Kofin Zakarun Afirka: Sharhi a Kan Yadda Ake Ba da Tarihinta a Yammacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a gidan kallon ƙwallo a Gummi ko Anka ko Bukkuyum zai ji samari suna kawo tarihin gasar zakarun Turai tiryan-tiryan, tun daga 1955 da aka fara ta, har zuwa kofuna biyar da Real Madrid ta ci a jere. In aka tambaye su ta Afirka kuwa, amsar da aka fi ji ita ce wai kwaikwayon Turawa ce, ba ta da wani tarihi, kuma Larabawa ne suka mallake ta tun fil azal. Manufar wannan takarda ita ce ta auna wannan ra'ayi, ta nuna inda ya yi gaskiya da inda ya kauce, sa'an nan ta duba dalilin da ya sa ya sami gindin zama.

2.0 Zancen kwaikwayo

Ba shakka an ari siffar gasar daga Turai, watau zakaran kowace ƙasa ya kara da takwaransa, gida da waje. Amma aron riga ba ya mai da mutum mai rigar. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wadda aka kafa a Hartum a 1957, ta soma gasar a 1964, shekara guda bayan kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Kofin farko sunan Kwame Nkrumah ya ɗauka, kuma a Akara aka yi wasan ƙarshe a farkon 1965, inda Oryx ta Duwala ta ci Stade Malien ta Bamako da ci 2 da 1. Ashe ke nan gasar ɗiyar siyasar 'yancin kai ce. Ƙasashen da Turawan mulki suka raba, waɗanda ko zirga-zirga tsakaninsu wuya take yi, su ne aka so a haɗa a fili ɗaya. Mai cewa kwaikwayo ce kurum ya ga siffar, manufar ta ɓace masa.

3.0 Zancen mallakar Larabawa

Wannan ra'ayi ya auna jiya da mudun yau. Daga gasar farko zuwa 1980 an ɗauki kofin sau 16, kuma sau biyu kacal ya tafi Arewacin Afirka: Ismaily ta Masar a 1969, da Mouloudia ta Aljeriya a 1976. Sauran duka sun tsaya tsakanin Kamaru da Gini da Gana da Kwaddibuwa da Kwango biyu. Hafia ta Konakiri ta ci a 1972 da 1975 da 1977, har aka bar mata kofin. Canon ta Yawunde ta ci a 1971 da 1978 da 1980. Al Ahly, wadda ta fi kowa kofuna a yanzu, sai a 1982 ta fara ɗanɗanawa.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi raunin gasar. A 1967 Asante Kotoko da Englebert ta Lubumbashi sun yi kunnen doki sau biyu. Aka shirya wasa na uku a Yawunde, Kotoko ba ta je ba, aka miƙa wa Englebert kofi ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Har wa yau, ƙarfin wasu ƙungiyoyin ya rataya ne ga gwamnatocin ƙasashensu, shi ya sa tashensu bai ɗore ba. Alal misali, tun bayan 1978 Hafia ba ta sake zuwa wasan ƙarshe ba.

4.0 Rabonmu a cikin tarihin

Kuskure na uku shi ne fara labarin Nijeriya daga 2003, lokacin da Enyimba ta Aba ta kawo kofin. Tun 1975 Rangers ta Inugu ta kai wasan ƙarshe, Hafia ta kayar da ita. Arewa ma ba 'yar kallo ba ce. Mighty Jets ta Jos ce ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972. Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978, ta wakilci Nijeriya a gasar zakarun Afirka a 1979. Saboda haka lokacin da Kano Pillars ta fitar da Al Ahly a 2009, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, hanyar da Raccah ta share shekara 30 da suka wuce ta bi. Amma samari nawa ne a nan suka taɓa jin sunan Raccah?

5.0 Me ya kawo mantuwa?

A ganina amsar tana cikin al'adarmu. Bahaushe yana adana jarumansa a waƙa. Shago da Ɗandunawa sun daɗe da barin fagen dambe, amma Ɗan'anace ya sa sunayensu ba su mutu ba a ƙasar Sakkwato da Zamfara. 'Yan ƙwallon wancan zamani kuwa ta rediyo aka san su, muryar mai sharhi na ƙarewa iska ta tafi da ita. Da tauraron ɗan'adam ya kawo wasannin Turai da hoto da tarihi a shirye, sai ya tarar da fili babu mai shi. Don haka laifin ba na samari ba ne. Abin da aka ba su shi suka riƙe, mu malamai ne ba mu ba su wani ba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ra'ayin da ake yaɗawa ya yi gaskiya wajen siffa, ya kuskure wajen manufa da tarihi. Shawarata ita ce sassan Hausa da na tarihi da na wasannin motsa jiki a kwalejojin ilimi su tura ɗalibai su ɗauki bayanan dattawan da suka saurari waɗannan wasanni, a rubuta su da Hausa. Aikin na gaggawa ne, domin dattawan suna ƙarewa, rashin tsaro kuma ya tarwatsa ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum da Gummi. In muka yi jinkiri, jikokinmu za su gaji tarihin Madrid, su rasa na Kano.