Gwanin da Ba Ya Sauke Ƙafa

Akwai wani mashigi a hanyar ƙauyukan da ke kudu da Anka, wanda da rani rairayi ne zalla, da damina kuwa ruwa yakan kai gwiwa. Na taɓa isa wurin a bayan wani ɗan kabu-kabu, saurayi da bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, bayan an kwana ana ruwa. Da muka kai bakin rafin sai ya kashe mashin, ya kafe shi, ya naɗe wando ya shiga ruwan da ƙafa. Ya tafi har tsallake yana danna ƙasa da diddige, ya dawo ta wani gefe daban, sannan ya hau ya tayar.

"Malam, zamna daidai," in ji shi. "Kak ka aje ƙahwa ko ka ji ya karkata. In ka aje, mu duka muna hwaɗuwa."

Ya sa giya ɗaya. Yatsunsa biyu na kan kuloc, bai sake shi duka ba kuma bai matse shi duka ba, totur kuwa na tsaye a murya ɗaya kamar an ɗaure shi. Bai miƙe ba, wata lanƙwasa ya bi wadda ƙafarsa ta gano masa, inda tsakuwa take ƙarƙashin ruwa maimakon taɓo. Tayar baya ta zame sau biyu, na ji a jikina, duk biyun ya gyara da ƙugu kawai. Da muka tunkari gaɓar tsallake, mai santsi kamar an shafa mata sabulu, sai ya ƙara wuta tun muna cikin ruwa, ya rage ta daidai lokacin da tayar ta hau laka, ƙarfin da ya riga ya tara ya haura da mu. Daga wannan gaɓa zuwa waccan, ƙafarsa ba ta bar matakinta ba.

Abin da yaron nan ya yi, a Turai wasa ne mai suna da doka da kofin duniya. Suna ce masa tirayal, wato gwaji, kuma wasan babur ne da gudu ba ya ba mutum nasara a cikinsa. Ana zaɓar wuri mai wuya, kwazazzabo ko gangaren dutse ko cikin rafi ko saiwoyin itace, a kewaye shi da igiya da tutoci, a tsayar da alƙali a gefe. Mahayi ya shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan. In ya sa ƙafa a ƙasa sau ɗaya, an rubuta masa maki 1. Sau biyu, maki 2. Sau uku ko fiye, maki 3. In ya faɗi, ko ya fita daga igiya, ko ya kasa ƙarasawa, maki 5. Makin nan na laifi ne, don haka wanda ya tara mafi ƙaranci shi ya ci, kuma abin da kowa ke nema a kowane wuri shi ne sifili. Kafin su hau, mahayan sukan ajiye babura su taka wurin da ƙafa, su duba kowane dutse, su zaɓi inda taya za ta bi. Ranar da na fara ganin haka a bidiyo, saurayin nan na mashigin Anka na tuna, da wandonsa a naɗe.

Wanda bai taɓa hawa ba zai ɗauka tafiya a hankali ita ce mai sauƙi. Ba haka ba ne. Babur in yana gudu, shi yake tsayar da kansa, kamar garen da yara ke korawa, wanda ba ya faɗuwa sai ya rage sauri. Da zarar gudun ya sauko zuwa takun mutum, wannan taimakon ya ƙare, nauyin ƙarfen duka ya dawo kan mahayi. Shi ya sa kowane yaro zai iya murɗa totur a kan kwalta tsakanin Daki Takwas da Gummi, amma kaɗan ne za su iya juya mashin a cikin lungu mai faɗin taku uku ba tare da sun dafa ƙasa ba. A nan ne ake ganin aikin gwani. Kuloc shi ne linzaminsa, da shi yake auna ƙarfin da zai kai ga taya, ɗigo-ɗigo. Birkin baya yana ɗan taka shi ko yana tafiya, don mashin ya miƙe ya natsu. Idonsa ba ya kan tayar gaba, yana can inda yake son zuwa, domin babur inda ido ya kalla nan yake bi. Wanda ya zuba wa rami ido, ramin zai faɗa. In zai yi kwana mai tsauri, mashin ɗin yake kwantarwa ciki, jikinsa kuma ya fitar waje, nauyinsa a kan matakin da ke waje.

Babur ɗin da ake yi musamman don wannan wasa abin kallo ne. Ba shi da wurin zama sam, domin a tsaye ake hawansa daga farko har ƙarshe, gwiwoyi su zama shokozoba ta biyu. Nauyinsa wajen kilo 70 ne, alhali Bajaj Boxer da ya cika tashoshinmu ya haura kilo 100 kafin a ɗora masa ko ƙullin gishiri. Tankinsa ɗan mitsitsi ne, bai fi lita biyu zuwa uku ba. Iskar tayar baya kuwa awo huɗu ko biyar ce a gejin mai faci, inda mashin ɗin titi ke ɗaukar wajen talatin, don tayar ta lotsa ta rungumi dutse kamar tafin hannu. Kamfanonin da suka shahara da ƙera shi, Montesa da GasGas da Sherco da Beta, yawancinsu na Sifen ne da Faransa da Italiya, yanzu har masu aiki da batir sun shigo fili.

Amma ba da irin waɗannan aka fara ba, kuma wannan ɓangaren tarihin shi ya fi kusa da mu. Gasar kwana shida ta Sikotilan, wadda har yau ake yi a watan Mayu a kewayen garin Fort William, ta faro ne tun 1909, lokacin da hanyoyin tsaunukan ƙasar ba su fi burtalinmu kyau ba. Manufar ita ce a ga wane babur ne zai jure, wane mahayi ne zai kai gida. Da baburan zirga-zirga na yau da kullum aka shiga, masu nauyi, masu kujera. Sammy Miller, mutumin Ireland ta Arewa, ya yi suna ne a kan wani ƙaton Ariel ɗan Ingila, sannan ya koma kamfanin Bultaco na Sifen ya taimaka aka ƙera Sherpa T, ƙarami mara nauyi, mai irin injin tsofaffin Suzuki ɗin nan masu hayaƙi da ake haɗa wa fetur da man inji. Da shi ya ci gasar Sikotilan a 1965, kuma daga nan zamanin manyan baburan Ingila ya kau. Turawan ba su yar da su ba. Akwai gasa ta musamman ga baburan da aka ƙera kafin 1965, ana yin ta a Kinlochleven gab da babbar gasar, dattawa da 'ya'yansu suna zuwa da ƙarafan da suka girme su, a goge, a gyare. Nakan tuna da wannan in na ga tsohuwar Honda CG ko Yamaha a gaban bakanike a kasuwar ƙauye, an ɗaure salansa da waya, amma kik ɗaya take tashi. Mai ita ya san kowane nishinta.

Kofin duniya ya fara a 1975, Martin Lampkin na Ingila ya ɗauki na farko, ɗansa Dougie kuma ya riƙe shi sau bakwai a jere daga 1997 zuwa 2003. Sai Toni Bou na Sifen, wanda tun 2007 yake lashe na fili da na cikin zaure, shekara bayan shekara, sama da goma sha biyar ba a ƙwace masa ba. Kallon Bou yana tsaye cik a kan tayar baya a ƙolin dutse, yana jiran numfashinsa ya daidaita kafin ya yi tsalle, abu ne da ke sa mutum ya manta da abin da ke hannunsa.

Duk da haka, in aka ce in zaɓi wanda aikinsa ya fi ba ni mamaki, ɗan kabu-kabun yammacin Zamfara zan nuna. Bou shi kaɗai yake hawa, da mataimaki a gefe mai shirin cafke babur in ya kuɓuce. Namu yana ɗauke da buhun gero biyu a kariya, ko mace mai naƙuda da uwarta suna neman asibitin Bukkuyum, ko jarkoki shida da akuya. Ba zai iya tsayuwa a kan mataki ba saboda goyo, ba zai iya rage iskar taya sosai ba don kada lodi ya tsinke tib. Da ƙugu da kafaɗa yake yin abin da wancan ke yi da jiki duka. Kuma ƙasar ba iri ɗaya ba ce ko a tafiya guda. A rairayi tayar gaba nutsewa take so, sai ya ja jikinsa baya, ya saki kan mashin ya yi rawarsa, ya ƙara wuta, birkin gaba kuwa ko kusa ba ya taɓa shi. A baƙar lakar fadamun Gulbin Zamfara ta wajen Gummi, akasin haka ne: giya ta sama, wuta kaɗan, domin da zarar taya ta yi juyin banza an kwanta. A kan marmara da tsakuwa, sannu ce kawai. A cikin ruwa, abin da yake tsaro shi ne kada ya kai mashaƙar iska, kuma in mashin ya mutu a tsakiya ba ya sake buga kik, turo shi yake waje ya kwance fulogi ya fitar da ruwan tukuna. Babu makarantar da ta koya masa. Daga wanke mashin ɗin yayansa ya fara, zuwa kai shi gidan mai, zuwa faɗuwar da ta bar masa tabon salansa a ƙwauri.

A Ingila yaro yakan fara tun yana shekara huɗu ko biyar a kan ƙaramin babur mai batir irin na Oset, ƙungiyoyin gari suna da ajin yara gwargwadon shekaru, iyaye su sayi na hannu su sayar in yaron ya girma, wanda ya nuna alama kuma dillalai da kamfanoni su ɗauki nauyinsa. Ko a can ɗin kuɗi ne ke tsayar da yara da yawa, don sabon babur na gasa dubban fam ne. Bou kansa da keke ya fara, kuma wannan hanya ce da ba ta fi ƙarfin kowane gari namu ba. A nan, tallafin matashi ɗaya ne: mai hali ya sayi mashin ya ba shi, yana kawo balas kullum ko duk mako, wani lokaci da alkawarin in ya cika kuɗin mashin ya zama nasa. Tsarin ya rufa wa gidaje da yawa asiri, ban raina shi ba. Sai dai balas ba ya jira, musamman tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuma shi ne ke tura yaro ga gudu da lodin da ya wuce kima. Baburan da 'yan siyasa ke rabawa ma ba sa zuwa da malami ko hular kwano.

Ga kuma abin da ya fi ciwo. A wannan yanki babur ya zama abin tsoro, domin da shi 'yan bindiga ke shigowa. A watan Satumban 2021 gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare ta hana sayar da fetur a jarka, a watan Oktoban 2022 kuma aka rufe Anka da Bukkuyum da Gummi baki ɗaya na wani lokaci. Wanda ke neman halalinsa da mashin shi ya fi kowa ɗanɗanawa: a daji ana ƙwace masa, a shingen bincike ana masa kallon zargi. Ina ganin wannan ma dalili ne na a fito da gwanintarsa fili, da rana tsaka, a gaban jama'a. Samarinmu suna da sha'awar nuna bajinta, muna ganinsu a rakiyar amarya suna ɗaga taya suna jan salansa a kwalta, wasu su ƙare a gadon mai ɗori. Da ƙungiyar 'yan kabu-kabu ta gari za ta sami fili a bayan gari, ta jera tsofaffin tayoyi da kututture da duwatsu, ta haƙa rami ta zuba rairayi, ta sa dattijon mahayi ya zama alƙali, da an juya sha'awar nan zuwa inda ba ta kisa, don a tafiyar taku faɗuwa ba ta wuce ƙujewa. Kyautar ba sai ta yi yawa ba, sabuwar taya da sarƙa da hular kwano sun isa, dillalan kayan gyara na Gusau kuma za su so a ga sunansu a wurin. Wanda ya ci, mai neman yaron da zai ba mashin ya san inda zai duba.

Da yamma muka dawo ta mashigin nan, ruwan ya ɗan janye, an taru ana jiran juna. Wani yaro ɗan shekara sha biyar ko sha shida ya shiga da gudu da buhun masara, ruwa ya watsu, mashin ya mutu masa a tsakiya. Mahayina ya sauke ni, ya shiga ya kama masa kariya suka turo shi gaɓa. Ya karɓi sifana ya kwance fulogi, ya goge da gefen rigarsa, ya buga kik sau biyar ruwa na fita, ya mayar ya ɗaure. Sannan ya kama hannun yaron ya ɗora yatsunsa biyu a kan kuloc.

"Ƙanena, nan za ka riƙe. Koma ka sake, ina kallonka."